Maganar da Na Sa a Bakin Ba'indiye

Tawa, 9 ga Nuwamba, 1964

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarki da ta jaririya, ina wankan jego? Ki gaida Inna da mutanen Kalfu duka.

Saratu, na jawo wa kaina magana. Ranar Asabar aka kawo fim ɗin Indiya silima, babu rubutun Faransancin da kan fito a ƙasa. Mai silima ya ce tunda ni ne tafintan biro, wato ofishin gwamnati, in tsaya in fassara wa jama'a. Ni da ban san ko sannu da Indiyanci ba! Amma kin san ni da son a yaba, na miƙe.

Labarin ɗan alƙali ne da aka sa wa baƙar rigar shari'a ta ubansa, shi kuwa zanen hoto yake so. Kowa ya ɗauka fim ɗin soyayya ne, ni na ga ba haka ba. Rigar ta yi masa yawa, hannunta ya rufe yatsunsa, kuma duk inda ya ga madubi sai ya kau da kai. Yarinyar da ke cikin fim ɗin ma ba aure take kiransa ba, fenti take miƙa masa. Da ya tuɓe rigar gaban uban yana magana, sai na ji bakina yana cewa: na gaji da magana da bakin wani, na gaji da tafa wa abin da ban yarda da shi ba.

Sannan wani ya tafa, wasu suka bi.

Kin san lokacin da muke ciki, ana kama mutane kan abin da bai kai wannan ba. Tun jiya Hamisu maƙwabcinmu bai amsa gaisuwata ba. Ina jin tsoro ƙwarai. Ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Mijinki,
Alƙasum

Tawa, 14 ga Nuwamba, 1964

Saratu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni dai jiki lafiya, abinci ne ba ya shiga.

An kira ni wurin hukuma an tambaye ni, na ce abin da Ba'indiyen ya faɗa na fassara. Suka ce to madalla, sun aika Yamai a kawo wani kwafin mai rubutun Faransanci, jibi za a kunna a gabana a gwada. Idan maganar tana ciki, laifin Ba'indiye ne. Idan babu, za su so sanin wanda ya koya mini ita.

Abokina Attahir ya ce in rantse wani baƙo ne ya raɗa mini. In na faɗi haka, sai sun nemo baƙon, su kama wani bawan Allah. Ba zan iya ba.

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye tsakanin manya da talakawa, in ɗauko ta wannan in kai wa wancan, ba a taɓa tambayata nawa ra'ayin ba. Jibi za a tambaye ni maganar wa ce. Zan gaya musu tawa ce.

Kada ki dawo Tawa sai kin ga wata takarda da hannuna. In ba ki gani ba, ki zauna wurin Inna, ki yafe mini.

Naki har kullum,
Alƙasum