Tsutsar da Ta Kori Gwaggo Zalika daga Garka

Zuwa ga Yaya Nura, a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Husaina da jaririnku. Baba da Inna suna lafiya, ni ma ina ta shirin jarrabawar burbe. Na san mu taubasai ne, kullum sai ka ce bakina bai buɗuwa sai wurin tuwo, amma yau ba wasa ya kawo ni ba. Na rubuto ne don salular Baba a tsakar gida ake amsa ta, kowa na ji. Maganar mahaifiyarka ce, Gwaggo Zalika, kuma ta hana a gaya maka.

Ka san garkar ƙungiyar mata da ke bakin rijiya, hanyar Garhanga. Bana da aka yi dashen tumatir da shu, wato kabeji, sai kowace safiya a tarar da dashe a kwance, an yanke shi daidai ƙasa kamar da reza, ba a ci ganyen ba. Binta, shugabar ƙungiya, ta rasa fiye da rabin nata. Gwaggo ce ke fara zuwa ban ruwa saboda rana na sa mata jiri, kuma tana yawo da ƴar wuƙarta ta yankan kuɓewa. Shi ke nan. Binta ta tara mata, ta kwance wuƙar daga gefen zanen Gwaggo ta ɗaga sama. Ta ce dabba ba ta yanka ta bar abinci, wannan aikin mai baƙin ciki ne. Wata ta ce ai jikar Azna masu tsafi ce, sallar shekara hamsin ba ta wanke jini. Aka jefa bokitinta bayan darni. Yanzu yara in sun gan ta sai su riƙa goga yatsa a wuya suna dariya. Baba, ƙaninta, bai ce uffan ba. Inna ta ce yana tsoron a tuna kakan nan namu ne mu duka.

Yaya, ba mutum ba ne. Na kai dashe ɗaya makarantarmu ta lakkwal, malaminmu Mushe Sha'ibu ya ce in koma garka in tona gindinsa kamar zurfin ɗan yatsa. Na tona, na samu tsutsa mai launin toka, ta naɗe kamar zobe. Da rana tana ɓoye cikin ƙasa, shi ya sa ba mai ganinta. Ya ce in cire gindin gwangwanin tumatir in kafa shi kewaye da kowane dashe, rabi a ƙasa rabi a sama. Na yi wa na Inna. Matan suka ɗauka wasan ƴan lakkwal ne, amma da Binta ta ga na Inna ya miƙe, ta sa kowa ya yi, wai ƙarfe na mai da sammu. Yankan ya tsaya.

To ka ga abin da na jawo. Yanzu cewa ake tun da aka kori Gwaggo ba a sake yanka ko ɗaya ba, wace shaida kuma ake nema? Ran nan na je gidan Binta da tsutsar a tafin hannuna. Ta tambaye ni ko an aiko ni ne, na ce a'a, na gaishe ta na fito. Har yau ina jin kunyar kaina.

Ran Juma'a ta sama bayan la'asar za a raba wurin Gwaggo a ba wata, kuma ka san da shi take cin abinci har damina. Ina roƙonka ka kira Baba kafin nan, maganarka yana ji. Ka ce ya zo garkar ya tsaya kusa da ni, ko bai yi magana ba. Na tara tsutsa goma sha ɗaya a gwangwanin madara, daga wurin Binta na tono su, ina ba su ganye don kada su mutu. In yana tsaye zan iya zuba su gaban mata in tona wata a idonsu. Ni kaɗai ba zan iya ba, na gwada.

Ka gaida Husaina da Kawu Yaƙubu, ka shafa mini kan jariri. Gwaggo ba ta san na rubuto ba. Jiya ta kira ni ta sa mini albarka don tumatirin Inna ya tsira, ta ce da ma ta yi lakkwal. Ta miƙo mini gwangwanaye shida da ta wanke, ta ce in cire gindin da kaina, ita ba a maido mata da wuƙarta ba.

Taka ƙanwa,
Bushira