Biskit na Ƙarshe a Faranti

Mildura, 18 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Bronwyn,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma sanyin Sikotilan bai daskarar da hancin jikata Imogen ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi, don yanzu ne bazararmu. Jiya har kwalta ta yi laushi a ƙofar gida.

Kin tambayi jikin mamanki. Tana ci, tana barci, kuma ma'aikatan gidan kula da tsofaffin suna ji da ita. Amma tun watan Satumba ba ta kira sunana ba. "Bawan Allah" take ce mini, ta gyara mini kujera kamar baƙo. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana cin raina.

Na saro busasshen reshen itacen turare kamar kowace Kirsimeti, na shafa masa farin fenti, na kafa shi a bokiti cikin falo. Na zana ƙanƙara a gilashin taga da sabulu, yadda mamanki take yi. Mu da ba mu taɓa ganin saukar ƙanƙara ba, shekara arba'in da shida muna zana ta muna sharce gumi! Da rana idan na miƙe ƙarƙashin fanka, sai in ga kamar tana zubowa a hankali bisa gonakin inabi, ga Glenys tawa tsaye a tsakiya da rigarta mai furanni, ko takalmi babu.

Reshen dai har yanzu ba kome a jikinsa. Kin san yadda muke yi: kowa da biskit ɗinsa na citta rataye a reshen, da sunansa a kai da kwaɓin farin sukari, kuma ita kaɗai ke rubutawa. Ranar Asabar zan gasa in kai mata. Idan sunana yana nan a ɓoye a wani lungu na kanta, ina so in gan shi da idona. Nas ɗinta, Marisol, ta ce kada in sa rai. Na ce to, amma na riga na sayo fulawa.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki,
Lindsay

Mildura, 22 ga Disamba

'Yata abin ƙaunata,

Ina gaishe ku duka, da fatan tarin jikana Hamish ya lafa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Asabar na kunna tanderu da sassafe, kafin rana ta buɗe. Minti goma sha biyu suka gasu: masu siffar taurari, ƙararrawa, da dabbar kangaru uku, ɗaya ba jela. Na jera su a faranti ina jin kaina wani gwani.

Na same ta a baranda tana kallon fararen aku a kan wayar lantarki. Ta ɗauki tauraro ɗaya, ta juya shi, ta ɗaga shi sama. Sai ta yi mini wani kallo da rabona da shi wata uku.

"Bawan Allah, ina hudar? Da me za ka rataye shi, da addu'a? Tun yana da zafi ake huda shi da tsinken shan lemo. Yanzu ka taɓa shi ya fashe. Kai, maza dai!"

Bronwyn, ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Ta miƙe ta ce a kai ta kicin. Marisol ta roƙar mana mai dafa abinci, ya ba mu gefen tebur. Hannun nan nata da ba ya iya ɓalle maɓallin riga, shi ya murza kwaɓi ba gargada. Ta shafa mini fulawa a hanci, ta ce in matsa, ina tsare mata haske. Ta sa wa kangaru jar hula da gemu, wani tsoho mai suna Merv ya ce shi aka zana, aka yi ta dariya. Ƙamshin kirfa ya cika wurin, har na ji kamar muna tsohon gidanmu na bakin kogi, ke kina ƙarƙashin tebur kina lasar cokali.

Muka gasa sababbi, ta huda su da zafinsu. Da suka huce ta fara rubutu. Naki ta fara yi. Sai na mahaifiyarta, sai na yayarta Beryl da ta rasu tun kafin a haife ki. Na yara bai zo mata ba, kada ki ji haushi. Faranti ya yi ta raguwa. Saura ɗaya. Ta daɗe tana dubansa, sukari na ɗiga a yatsanta. Sannan ta sunkuya ta rubuta Lindsay, harafi bayan harafi, ba kuskure ko ɗaya.

Ta zura jan zare, ta ƙulla, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Don Allah idan hanyarka ce, ka kai wa mijina. Ka ce masa ina nan ina jiransa, ya daɗe bai zo ba."

Na karɓa. Na ce mata na san gidan, kuma gobe da safe zai zo.

Ki gaishe da kowa, ki yi mana addu'a.

Babanki mai ƙaunarki,
Lindsay