Fulawar Gindin Randa

Zuwa ga sanyin idona Zulaihatu, inuwata ta tsakar rana, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da su Baba da Inna da duk mutanen Dawakin Tofa. Mu nan Kunci sai godiya. Gero ya sake ƙonewa bana tun bai fid da kai ba, rijiyar unguwa kuwa sai mutum ya kai azahar kafin ya cika tulu guda.

Kin tuna 'yar fulawar nan da kika ƙullo irinta a bakin zane daga gidan yayarki, mai rarrafe a ƙasa, mai kaurin ganye? Sati guda da binne ɗanmu Sama'ilu kika barbaɗa shi a yashin gindin randa. Ran da na dawo daga gona na tarar kina zuba mata ruwa, na ce miki, “Mutane na neman na sha, ke kina shayar da ciyawa?” Sai bayan kin tafi gidanku mahaifiyata Inno ta gaya mini ruwan alwalarki ne kike tarawa a ƙwarya.

Ina hankalina ya tafi, farin watana? Yaya na kasa gane cewa hannun da ya saba raino ne ya rasa abin ɗauka? Yunwa da baƙin ciki suka yi magana da bakina, amma bakin nawa ne, laifin ma nawa ne.

Yanzu ruwan alwalata take sha. Da hantsi take buɗewa, ja da fari da ruwan ɗorawa, in rana ta yi sanyi ta rufe. Sai dai ba ta shekara. Ta fara bushewa, 'yan ƙwansonta sun nuna, ni kuma ban san ranar da ake tsinke su ba. Ina tsoron in taɓa, irin ya zube ya ɓace cikin yashi. Ke kaɗai kika iya.

Ba zan yi miki alkawarin rumbu cike ba, zumar zuciyata. Abin da ya samu, ke za ki fara ci. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo da Kawu Sammani. In kin ce ba ki shirya ba, zan gai da su Baba in juyo, Juma'a ta sama kuma ki sake ganina a ƙofar zaure.

Naki ke kaɗai, muddin rai,
Khalilu.