Rigunan da Na Yanka wa Hannun Hagu Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Shugaban makaranta ya dawo mana da rigunan yara gaba ɗaya, cikin buhu. Ya zaro ɗaya ya ɗaga, hannun dama ya murɗe kamar wuyan kaza. Ashe da na zo yanka ban ninke yadin fuska da fuska ba, duk hannun hagu na fitar. Ni, da nake cika baki ko cikin barci zan yi yanka! Na ce masa yaran zamani ai da hagu suke rubutu. Bai dara ba. Ya ce ya ba wani shago aikin.

Talata, 4 ga Maris
Ba keken da ya motsa yau. Mata huɗu da nake shugabanta, kowa na kallon zarenta.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tsare ɗaya daga cikinsu, Malama Gyara, a bakin ƙofa. Ni na laƙaba mata sunan, tun ranar da ta ce min wuyan wata riga ya karkace. Yanzu duk layin da shi suke kiranta. Na ce, ke mai idon mikiya, ba ki gani ba? Ta ce, "Mun gani, Inna, tun rigar farko. Wa zai faɗa ya kwana da sabon suna?"
Suka gani, suka ɗinke, don tsoron bakina.

Asabar, 8 ga Maris
Biyu ba su zo ba. An gan su a shagon tsallaken titi, wai gaisuwa. Gaisuwa da almakashi a jaka? In suka tafi, sai dai in rufe, in koma gida ina korar ƙuda. Jikata ta ce, "Kaka, yau ba tatsuniya?" Na ce tatsuniyar ma ta tafi gaisuwa.

Laraba, 12 ga Maris
Mai gidan abinci ta kawo ɗinkin labule. Ƙaramin aiki, amma hannuna ya ƙi ɗaukar almakashi. Uku suka zo. Na shimfiɗa yadin, na ce ku matso ku duba kafin in yanka. Suka matso. Can Malama Gyara ta ce, ƙasa-ƙasa, "Furen yadin ya kalli ƙasa, Inna."
Wani suna ya zo min har kan harshe, mai daɗi kuwa, da an shekara ana dariya. Na haɗiye shi. Na juya yadin.
Ba wai na canza ba, tsufa ne kawai. Da Malama Gyara za ta tafi na ce sai gobe, na kira ta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Sai da ta waiga ta ga ko da wata nake. Ta ce gobe za ta biya ta taho da ta huɗun.