Inna Ta Yi Maka Kiranye

Yelwa, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Ingila, ya ba ka sa'ar karatu. Mu nan kalau, ƙanwarmu Aishatu ta haifi namiji, ruwan tafki kuma ya cika har gindin mangwaron Modibbo maƙwabcinmu.

Lawali, shirunka ya yi yawa, kuma ga abin da ya jawo. Ka san yadda maza ke taruwa bayan la'asar a ƙofar Modibbo, ana sauraren rediyon Landan. To, kwanan nan ba su da zance sai dokar da ake son kafa wa baƙi a can wurinku. An ce jaridunku sun rabu biyu, wasu na cewa a kore ku, wasu na cewa a bar ku. Ran nan aka kawo mutum biyu suna gardama a kai, Inna tana ji ta katanga. Ita a wurinta shari'a ce ake yi maka, mai gabatarwar kuma alƙali ne. Da ya ce lokaci ya ƙare bai yanke hukunci ba, sai ta zauna daɓas, ta ce alƙalin da ya tashi bai faɗi kome ba mugun labari yake ɓoyewa. Na yi bayani har bakina ya bushe, ina! Ta ce gara ta kira ɗanta da kanta kafin a wulaƙanta shi.

Ranar kasuwar Warra Inna ta sa na raka ta tafki. Tamada mai jirgi ya kai mu tsakiyar ruwa, daidai inda tsohon garinmu yake kwance a ƙasa tun da ruwan dam ya cinye shi, don ta ce nan aka binne cibiyarka. Ta kafa baki cikin sabon tulu ta kira sunanka. Rana tsaka ce, ba iska, ba jirgi kusa. Wallahi tallahi, Lawali, an amsa. Muryar namiji ce, a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci. Ni na riƙe tulun, har a tafin hannuna na ji amon muryar. Nan take Tamada ya juya jirgi, kuma tun ranar ya ƙi ɗaukar kowa daga gidanmu.

Yanzu Inna ta bar bin rediyo, ko an ƙure shi ba ta ɗaga kai. Ta share ɗakinka, ta shimfiɗa tabarma, kullum tana ajiye tuwo tana cewa kana hanya. Tana cikin farin ciki, ni kuwa tsoro nake ji ƙwarai. Ka san abin da ake faɗa kan wanda aka yi wa kiranye, yakan bar kome ya kama tafiya ba hankali a jikinsa. In ka ji ƙafarka na janka, don Allah ka zauna, ka yi addu'a, ka ƙarasa karatunka. Ka rubuto da hannunka ka gaya mini ko kai ne ka amsa, don in ba kai ba ne, ban san wanda muka share wa ɗaki ba.

Aishatu da mijinta suna gaishe ka, Modibbo ma haka. Na tambayi Inna saƙonta, ta ce ba sai an rubuta ba, za ta faɗa maka da bakinta.

Ni ce yayarka,
Kulu.