Ranar da Aka Zo Ta'aziyyata

Dagumawa, Wudil
Litinin

Zuwa ga 'yata Lubna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya Kaduna, ya aiki?

Bara na ji ana cewa akwai ɓarayin da ke sace sunan mutum su bar shi da rigarsa. Na ce zancen majalisa ne. To, ranar Juma'a saƙo ya shigo imel ɗin da kika buɗe min, har da tambari, wai daga ofishin fansho, kowane tsohon ma'aikaci ya tabbatar yana raye. Ni da na san ina raye, me zan ɓoye? Na danna, na rubuta musu kalmar sirri, na haɗa da hoton katin ɗan ƙasa.

Tun daga nan imel ya ƙi buɗuwa. Jiya mutum biyu suka kira uwarki suna yi mata gaisuwar rasuwata. Shi ya sa na ba wani direba takardar nan ya kawo miki, wayar nan tsoronta nake. In labarin ya kai ofis, ba za su soke sunana ba kuwa?

Mahaifinki,
Yahuza

Kaduna
Talata

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna.

Ba ofis ba ne, ɓarayi ne. Babu ofishin da ke tambayar kalmar sirri. Sun aika wa duk wanda ke cikin imel ɗinka cewa ka rasu, da sunana a ƙasa, suna neman gudummawa. Har ni sun aiko wa! Ina ƙoƙarin karɓo maka imel ɗin.

Gobe ka je banki su sa ido kan asusunka, ka wuce ofishin fansho da ƙafarka. Don Allah, Baba, ban da tsayawa hira a hanya.

'Yarka,
Lubna

Dagumawa
Laraba

Lubna,

Bayan gaisuwa. Banki sun gyara. A ofis kuwa labarin ya riga ni zuwa, an ja jan biro a kan fayil ɗina. Sun ce in kawo wanda ya yi aiki da ni, ya shaida ni ne.

Wanda ya gaya min na ƙarshe cewa na rasu shi ne Malam Wali, abokin aikina na shekara talatin. Daga Indabo ya zo yana share hawaye, ya tarar da ni ina ɓare gyaɗa. Shi zai raka ni gobe. Sai dai har yanzu ya ƙi zama tabarma ɗaya da ni.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Yahuza