Na Sa An Kira Sunana Da Muryarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Kada ki yi mamakin wasiƙar nan. Idona ya yi rauni, hannuna kuma rawa yake yi. Da baki nake faɗa, kwamfutar jikanyata Zuwaira tana rubutawa. Yanzu ba sai an danna haruffa ba, magana ake yi mata ta ji. Da kin ga haka, na san tsaki za ki ja, ki ce aljanu sun samu aikin yi.

Kin tuna lokacin da nake lakwal, ina karatun boko a Damagaram, bayan farin nan da ya cinye mana shanu? Ba ki iya rubutu ba, kuma kin ƙi zuwa wajen mai buga wasiƙa a Magariya, wai ba za ki zazzage cikinki a gaban ƙato ba. Sai wani ɗan kasuwa ya zo garinmu Guci da rikodar da ya sayo a Kano. Ya danna miki, ya fita ya bar ki da ita a ɗaki.

Kin yi maganar gero, da karsanar da ta rage mana, da ciwon ƙafar Baba. Kika ce, "A gaya wa wancan na lakwal ya riƙe salla, ya bar zama da yunwa." Har kaset ya ƙare ba ki kama sunana ba. Ni ne ɗan fari, kunya ba za ta bar ki ba. Ƙannena kuwa, tun daga bakin rijiya ana jin kina ƙwala musu kira.

Da aka kawo mini kaset ɗin na saurara, abin ya ci mini rai, Inna. Na yi ta mayar da kaset baya, ko sunan ya kuɓuce miki a wani wuri. Kafin in gama lakwal kika rasu, ina can.

Makon jiya Zuwaira ta ce kwamfuta tana iya sauraren muryar mutum ta koye ta, ta faɗi duk abin da aka sa ta. Na ciro kaset daga ƙasan adaka na ba ta. Da ta gama haɗawa, ta tambaye ni me nake so ki ce. Tsofai-tsofai da ni, na ce sunana.

Kwamfutar ta kira, Inna. Muryarki ce, har da 'yar shaƙewar nan taki. Ta ce Mamman, garau, ko ɗar babu.

Na ce a kashe. Abin da na jira tun ina yaro ya zo, amma ban san wannan matar ba. Ke da kin iso kan sunan, shiru kike yi, ki ja numfashi, ki kewaye. A kaset ma akwai inda kika yi haka, da can tsallake wurin nake yi don haushi. Na sa Zuwaira ta goge na kwamfuta, ta kunna mini wurin. Na saurari numfashin nan naki, na yi kuka irin na ranar da aka aiko mini da rasuwarki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a Aljanna. In mun gamu, ba sai kin kira ba, zan taso.

Naki,
Ɗanki na fari